Ƙofa da Ƙyaure: Misali Daga Garejin Gida

A Hausar asali, ƙofa ita ce kafar shiga, ƙyaure kuwa shi ne marufinta. Ɗalibai kan gwama su. A garejin mota, ƙyauren ƙarfe ne ke tsatsa da damina, ƙurar hunturu kuma ta sa ya cije. Maganinsa shara da giris da fenti. In sakata ta kauce wa raminta, sai a kira mai walda. In tsatsa ta cinye gindinsa, a sake sabo. Ƙofa kuwa aikin birkila ce, shi ke faɗaɗa ta idan mota ta kasa shiga. Saboda haka jimlar "an gyara ƙofar gareji" tana da harshen damo, ko da yake bakin jama'a ya riga ya karɓe ta.