Darasi na Shida: Zumunci, Jarin da Ba Ya Shiga Akwati

Manufar darasi: kowace mamba ta gane yadda kusanci da amana tsakaninmu ke tsare lafiyarta, da hankalinta, da kuɗinta, ta kuma san abin da za ta yi don ƙara su.

Lokaci: awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: ƙwayar wake ko tsakuwa biyar-biyar ga kowace mace.

Gabatarwa

'Yan'uwana mata, a darussan baya mun yi maganar akwati da makullansa uku, da littafin zubi, da ƙa'idar rance. Yau za mu taɓa abin da ke riƙe da waɗannan duka. Ni mai horar da ƙungiyoyin ajiya ce a Kawaji, cikin ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano, ina kuma fita ƙauyukan da ke kan hanyar Haɗeja. Duk inda na zauna da mata, tambayata ta farko ɗaya ce: idan kika je banki neman rance, me za a ce ki kawo? Takardar fili, ko mai tsaya miki, ko wata kadara. To, a ƙungiyarmu me kika ajiye kafin a ba ki? Babu ko tsinke. Mun san gidanki, mun san sana'arki, mun san halinki. Sanin nan da muka yi miki shi ne jinginarki. Ranar da sanin ya yi rauni, akwati ba ya iya tsare kansa, ko makulli goma aka sa masa.

Gadonmu ne tun kaka da kakanni

Kada wata ta ɗauka daga waje aka kawo mana wannan. Iyayenmu sun yi adashi, uwar adashi na bi gida-gida tana karɓar zubi ba takarda ba sa hannu. Sun yi ƙawance na gaske, sun yi biki: kika kai wa ƙawarki gudummawa ranar aurar da 'yarta, ranar taki hidimar sai ta mayar miki da ƙari. Wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta ba wa Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. A ciki ta bayyana yadda mace ke ƙulla ƙawance da yadda ƙawaye ke ɗaukar wa juna nauyin biki da suna.

Shi kansa tsarin akwatin nan namu a ƙasar Hausa aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, da sunan Mata Masu Dubara. A kan adashin da matan suka saba aka gina shi. Daga Maraɗi ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. Kun ga ke nan, da kayan gidanmu muke aiki.

Zumunci da lafiyar jiki

A Amurka akwai wani bincike na Jami'ar Harvard da aka fara tun 1938. An ɗauki samari 724, wasu ɗaliban jami'a, wasu 'ya'yan talakawan birnin Boston, aka yi ta bin rayuwarsu har tsufa, ana auna jininsu, ana tambayarsu halin da suke ciki. Daga baya aka haɗa da matansu da 'ya'yansu. Shugaban binciken, Dakta Robert Waldinger, ya bayyana cewa waɗanda suka fi jin daɗin zamansu da mutane suna da shekara 50, su ne suka fi ƙoshin lafiya da suka kai 80. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2025, ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, ta kuma danganta shi da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon damuwa.

Wata za ta ce, "Malama, mu ina muka ga kaɗaici, gida cike da yara da kishiyoyi da surukai?" Ai ana iya zama cikin mutum ashirin babu ɗaya da za ki buɗe wa cikinki. Amaryar da aka kawo daga wani gari, da matar da mijinta ya tafi ci-rani, da bazawarar da ta dawo gidan iyaye, da tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, duk sun san wannan. Damuwar da aka haɗiye tana hana barci, tana hana cin abinci, tana kuma taimaka wa hawan jini.

Ga inda abin ya fi shafarmu mu mata. Ma'aikatan lafiya na cewa jinkiri uku ke kashe mai ciki: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannunmu suke. Ƙawar da ke leƙo ki ita ce za ta ga fuskarki da hannuwanki sun kumbura, ta ji kina kukan ciwon kai mai tsanani, ta ce wannan ba na zama ba ne. Ita za ta tura mijinta ya yi wa naki magana. Asusun taimako kuma shi zai biya kuɗin mota da tsakar dare, ba sai an jira gari ya waye an sayar da akuya ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Zumunci da kuɗi

Bari mu yi lissafi a misali. A ce mu ashirin ne, hannu ɗaya naira 500, kowace tana zuba hannu biyu a mako. Naira 20,000 ke nan duk mako. A mako hamsin mun tara naira miliyan ɗaya. Idan kowace tana sa naira 100 a asusun taimako, shi ma ya kai naira 100,000. Yanzu ku duba: mace uku kawai suka ci rancen naira 60,000 kowacce suka ƙi biya, naira 180,000 ta tafi, kowace a cikinmu ta yi asarar naira 9,000 ranar rabo. Me ke hana haka faruwa? Ba mu da ɗan sanda, ba mu da lauya. Matar da ta san ku ne kuka kwana da ita a asibiti, ba za ta iya haɗa ido da ku da kuɗinku a wuyanta ba.

Zumunci yana kuma kawo ciniki. A ƙungiyoyinmu na Kawaji, masu sayar da kayan miya kan haɗa kuɗi su tura mutum ɗaya Kasuwar 'Yankaba ya saro kwandon tumatir da buhun albasa, a raba. Kuɗin mota ɗaya, farashin sari kuma ya fi na tsintar kaɗan-kaɗan sauƙi. Mai ƙuli-ƙuli tana sayar wa mai ƙosai man gyaɗa, mai ɗinki tana samun aikin anko daga bikin 'yar ƙungiya. Ku ma a karkara haka ne: wadda ta ji farashin gero ko waken suya a kasuwar mako, ta faɗa wa 'yan'uwa kafin dillali ya zo ƙofar gida.

Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuya. Mai kuɗi a banki ya kwana a layi, masu POS suka tsawwala caji. A unguwarmu, matan da suka ɗora tukunya ba fargaba su ne waɗanda mai kanti da mai nama suka sani, suka ce "ɗauki, kya kawo." Wannan amanar ba a ranar aka gina ta ba.

Ku kuma tuna MMM, da ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata ɗaya, ya rufe asusun jama'a a Disambar 2016. Mutane sun tura kuɗinsu ga waɗanda ba su taɓa gani ba. Irinsu na nan har gobe a waya, suna sauya suna. Ƙa'idata ita ce: duk harkar da aka ce miki "kada ki faɗa wa kowa, yi sauri kafin a rufe," kawo ta kan tabarma mu duba tare. Mai gaskiya ba ya tsoron ido ashirin.

Inda zumunci ke iya ɓata ƙungiya

Dole in faɗi wannan, don na ga ƙungiyar da ta watse a kansa. Wata ta ci rance ta wuce wa'adi. Ƙanwar mijin shugaba ce, sai kowa ta ji nauyin magana a taro. Aka koma ana yi a bakin rijiya da gidan suna. Maganar ta koma kunnenta, ta yi fushi ta daina zuwa, danginta uku suka bi ta. Kuɗin bai dawo ba, gaisuwa ma ta yanke. Da an tambaye ta tun makon farko, da an ji cewa ɗanta ne ya kwanta, jarin ya tafi a magani, da kuma asusun taimako ya rage mata nauyi an sake mata wa'adi.

Saboda haka dokokin ƙungiya kariya ce ga zumunci. Ga huɗu da nake roƙon ku riƙe:

1. Duk harkar kuɗi a gaban kowa, a kan tabarma. Ba a karɓar zubi a gida, ba a ba da rance a soro.
2. Doka ɗaya ce ga kowa. Rance kada ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, ko 'yar shugaba ce. Tarar latti ma shugaba ta fara biya.
3. Wadda ta ga ba za ta iya biya ba, ta faɗa kafin ranar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne.
4. Abin da aka faɗa a taro ya tsaya a taro. Sirrin gidan 'yar'uwa amana ce kamar kuɗinta.

Aikin da za a yi tare

Jagora ta raba wake biyar-biyar, ta karanta tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ke da amsa a zuciyarta, ta mayar da ƙwaya ɗaya hannun hagu. Ba a ambaton suna, ba a nuna wa kowa hannu.

- Wa zan buga wa ƙofa da ƙarfe biyun dare?
- Wa zan bar wa yarana kwana uku hankalina kwance?
- Wa zai faɗa mini gaskiya idan na ɗauko sana'ar da ba za ta kai ni ba?
- Wa ya san abin da ke damuna a wannan watan?
- Wa ke lissafa ni cikin waɗanda zai nema idan ta ɓaci?

Wadda ta ga hannunta na hagu bai cika ba, kada ta karaya. Shi ma wannan asusun da zubi ake cika shi, mako-mako.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wace al'ada ta taimakon juna iyayenmu ke yi a garin nan da muka bari? Za ta iya dawowa?
2. Idan mamba ta yi fashin taro sau biyu a jere, me ya kamata mu fara yi kafin maganar tara?
3. Su wa ke zaune a unguwarmu da ba su da mai leƙa su? Yaya za mu jawo su?

Aikin gida

Sakatariya ta haɗa mambobi biyu-biyu, a guji haɗa waɗanda dama aminan juna ne. Kafin taro mai zuwa kowace ta taka zuwa gidan abokiyar haɗinta, da izinin maigida, su zauna ko na rabin awa ne, ba maganar bashi. Wadda fita ke mata wuya, abokiyarta ta je wurinta. Zumunta a ƙafa take. A taro na gaba, kafin a buɗe akwati, za a ware minti goma kowace ta faɗi yadda ta samu 'yar'uwarta da abin da ƙungiya za ta iya yi mata.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a abin da muke tarawa.