Haske da Inuwa a Hoton Nazari: Abin Yi Idan Manhaja Ta Gaza

Ranar Alhamis ce kasuwar Maigatari take ci, kuma ɗalibin ilmin halittu da ke son ganin ire-iren dabbobin Sahel a wuri ɗaya ba shi da makarantar da ta fi ta. A kara zai ga farin sa na Bunaji tsaye kusa da jan Rahaji mai dogayen ƙahoni, ga kuma raƙuma da aka shigo da su daga Jamhuriyar Nijar. To amma idan ya ɗauki hotonsu da tsakar rana, farin san zai fito fat kamar takarda, Rahajin kuwa ya zama baƙi ƙirin, har ba za a iya ganin kaskar da ke manne a wuyansa ba. Alhali kuwa kaskar ce malami ya aike shi ya ɗauko.

Manyan manhajojin gyaran hoto, irin su Photoshop, suna da wani layi da ake lanƙwasawa domin a haskaka wuraren duhu kaɗai, a ƙyale masu haske yadda suke. Da yawa daga cikin ƙananan manhajojin da ke zuwa da wayoyi masu araha ba su da shi. Abin da suke bayarwa shi ne maɓallin ƙara haske da na ƙara bambanci tsakanin fari da baƙi. Wannan darasi zai yi bayanin abin da layin yake yi, da yadda za a kusanci aikinsa ta wasu hanyoyi.

Ido da Kyamara

A bangon bayan idon ɗan Adam akwai ƙwayoyin karɓar haske iri biyu: masu siffar sanda, fiye da miliyan 90, waɗanda ke aiki a duhu, da masu siffar tsini, kimanin miliyan 5, waɗanda ke rarrabe launi da rana. Ƙofar da haske ke shiga kuma tana buɗewa ko tsukewa tsakanin milimita 2 zuwa 8. Bugu da ƙari, ido ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan dubi farin sa ya daidaita kansa, ya koma kan baƙi ya sake daidaitawa, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su, mutum ya zaci kallo ɗaya ya yi. Kyamara kuwa, idan ba mai dabarar haɗa hotuna da yawa ba ce, awo ɗaya take yi wa komai.

Hoton waya ya ƙunshi miliyoyin ɗigo, kuma kowane ɗigo lamba ce daga 0 zuwa 255 ga kowane launi uku, wato ja da kore da shuɗi. Sifili shi ne baƙi ƙirin, 255 shi ne fari fat. Duk gyaran haske bai wuce sauya waɗannan lambobi ba. Wurin da ya riga ya kai 255 lokacin ɗauka ya ƙone ke nan, babu manhajar da za ta dawo da gashin da ke wurin, kome tsadarta. Wurin duhu ya fi sauƙin cetowa, domin sau da yawa akwai bayani ɓoye a cikinsa.

Gyara Tun Kafin Ɗauka

Saboda haka rabin aikin a fili ake yin sa. Ƙasar Maigatari da Sule Tankarkar rairayi ce mai haske, kuma takan yaudari ma'aunin kyamara, ya zaci haske ya yi yawa, ya duhunta abin da ake son ɗauka. Maganin wannan shi ne a taɓa allon waya daidai kan dabbar ko ganyen, sannan a rage hasken kaɗan har sai an ga wuraren fari ba su ƙone ba. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana. Idan dole ne a ɗauka da rana tsaka, to a nemi inuwar dalbejiya, ko wani ya riƙe farin ƙyalle a ɓangaren da ke da duhu domin ya mayar da hasken rana can. Farar riga ma tana yi.

Ga hoton ganye, wajibi ne a ajiye farar takarda da guntun gawayi a gefensa. Ɗalibin da ke nazarin gero ko riɗi a gonakin Gagarawa yana son ya nuna ɗorawar da ganye ke yi idan sinadarin naitirojin ya yi ƙaranci, wadda ke farawa daga tsofaffin ganye na ƙasa. Ba tare da takarda da gawayi ba, babu mai iya tabbatar da cewa ɗorawar daga ganyen take ko daga kyamara. Su ne kuma ma'auni a lokacin gyara: a ci gaba da ƙara bambanci har takarda ta kusa zama fari, gawayi ya kusa zama baƙi, sai a tsaya. Wannan kaɗai ya isa ga hotunan lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke sa komai ya fito toka-toka.

Dabarar Ɗora Hoto a Kan Kansa

Matsalar maɓallin ƙara haske, a tsarinsa mafi sauƙi, ita ce lamba ɗaya yake ƙara wa kowane ɗigo. Alal misali, idan aka ƙara 40, wuyan Rahaji mai lamba 50 zai koma 90, kaska ta bayyana. Amma gashin Bunaji mai lamba 220 da mai lamba 230 duk za su wuce iyaka, su tsaya a 255. An ceto baƙi, an ƙone fari.

Akwai hanya mafi kyau a duk manhajar da ke bari a ɗora hoto a kan wani, ko da kuwa an yi ta ne domin haɗa hotunan biki. Sai a buɗe hoton, a sake ɗora kwafinsa a kansa daidai, sannan a zaɓi salon haɗawa da aka rubuta Screen a kansa. Lissafinsa shi ne: a cire lambar ɗigo daga 255, a ninka abin da ya rage da kansa, a raba da 255, sannan a cire amsar daga 255. Da wannan, 50 zai koma 90 kamar dā, amma 220 zai koma 250, 230 kuma ya koma 253. Farin bai ƙone ba. Wannan lanƙwasa ce sosai, sai dai ba a zana ta da hannu ba. Kishiyarsa shi ne Multiply, wanda ke duhunta hoton da ya yi fari da yawa: 128 zai koma 64, alhali 255 yana nan yadda yake. Idan gyaran ya yi ƙarfi, sai a rage kaurin kwafin na sama zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Ya kamata malaman lissafi su lura da wannan, domin misali ne mai kyau na murabba'in lamba da ɗalibi zai gani da idonsa.

Inda akwai intanet da wurin ajiya, abin ya fi haka sauƙi, domin akwai manhajoji na kyauta masu layin lanƙwasa. Snapseed tana aiki a waya. GIMP, wadda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fara a 1995, tana aiki a kwamfuta, haka ma ImageJ, wadda Wayne Rasband ya fitar a 1997 a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka domin auna hotunan kimiyya. Ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gumel da za su koyar da ilmin halittu sun fi kowa bukatar saninta, tun da da ita ake auna faɗin ganye da girman tabon cuta a kansa.

Iyakar Gyara

Hoton nazari shaida ne, dabam yake da hoton Sallah. A 2004 Mike Rossner da Kenneth Yamada suka wallafa ƙa'idoji a mujallar Journal of Cell Biology, bayan an lura cewa wasu masu bincike suna gyara hotuna fiye da kima. Jigon ƙa'idojin shi ne a yi wa hoton gyara gaba ɗayansa, kada gyaran ya ɓoye ko ya share wani abu da ke cikin na asali, kuma gyaran da ba na miƙaƙƙen lissafi ba a bayyana shi. Dabarar ɗora hoto tana cikin wannan rukuni na ƙarshe. Don haka ɗalibin da ya yi amfani da ita ya rubuta hakan a ƙarƙashin hoton. Wanda kuwa ya ƙara wa ganye ɗaya ɗorawa domin ya dace da abin da yake son nunawa, ƙarya ya yi, ko da bai rubuta kalma ɗaya ba.

Haka kuma a adana hoton asali ba tare da an taɓa shi ba, a yi aiki a kan kwafi. Tsarin JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayani duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa, WhatsApp kuma yana matse hoto idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Malami zai iya gwada wannan darasi a aji da ganyen zoɓo guda ɗaya: a ɗauke shi a rana, a inuwa, da kuma da farin ƙyalle a gefe, kowane lokaci tare da takarda da gawayi, sannan ɗalibai su ƙidaya jijiyoyin ganyen da suke iya gani a kowane hoto kafin gyara da bayansa.