Sanyin Jos riba ne, amma ba shi zai riƙe muku injinan ƙirƙirarriyar basira ba

Tambaya: Malam, mu matasa ne a Tudun Wada ta Jos, muna da shagon kwamfuta. Mun haɗa jari muna son sayen manyan kwamfutocin da ke aikin ƙirƙirarriyar basira, mu riƙa bai wa ɗalibai da ƙananan kamfanoni haya. An ce mana tunda garinmu na da sanyi, ba sai mun kashe kuɗi wajen sanyaya ɗaki ba. Haka ne?

Amsa: Ƙannena, Allah ya yi wa niyyarku albarka. Wanda ya faɗa muku haka ya faɗi rabin gaskiya, sauran rabin kuwa shi ne zai iya cinye jarinku. Ku riƙe wannan ƙa'ida tun daga farko: duk wutar da ta shiga kwamfuta, zafi take komawa. Saboda haka lissafin lantarki da lissafin sanyaya ɗaki abu guda ne.

Aikin ƙirƙirarriyar basira yana gudana ne a kan na'urar da ake kira GPU. Guda ɗaya ta kamfanin Nvidia, samfurin H100, tana iya jan wat 700. Injin da ke ɗauke da takwas, haɗe da sauran kayan cikinsa, yana kaiwa kilowat 10, kamar a kunna dutsen guga goma a ɗaki ɗaya a bar su dare da rana. A wuni ya sha yunit 240, a wata 7,200. A watan Afrilun 2024 aka ƙara wa masu layin rukunin Band A kuɗin wuta zuwa sama da Naira 200 kan kowane yunit, a wannan farashi kuɗin wutar inji ɗaya ya doshi Naira miliyan ɗaya da rabi a wata, ba a ma sa na esi ba. Ba ku kaɗai abin ya dama ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya a 2024, kuma tana hasashen abin zai ninka kafin ƙarshen 2030.

To ina ribar Jos? Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Masana harkar sun fi son iskar da ke shiga inji ta kasance tsakanin maki 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, kuma iskar Jos tana cikin wannan iyaka, ko ƙasa da ita, a yawancin dare da damina da hunturu. Manyan cibiyoyin Legas irin su Rack Centre suna fama da zafi da gumin teku shekara zagaye. Ku kuwa kuna iya janyo iskar waje da fanka ku rage aikin esi sosai. Wannan kuɗi ne a aljihu.

Sai dai tudun da ya ba ku sanyi ya zo da sharuɗɗansa. Da rana a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura maki 30, inji kuma ba ya jiran la'asar ta yi. Iskar kan tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba, ta ragu da fiye da kashi goma cikin ɗari, don haka fanka sai ta ƙara gudu kafin ta kwashe zafi iri ɗaya, janareto ma ba ya ba da cikakken ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Lokacin da iska ta fi sanyi, wato hunturu, shi ne lokacin da ta fi ƙura, ƙura kuma tana toshe hanyar iska a cikin inji har ya yi zafi ya rage gudu ko ya mutu. Da damina ga tsawar Jos da kowa ya sani.

Babbar matsalar ita ce wutar kanta. A watan Oktoban 2024, da layin Ugwuaji zuwa Apir ya lalace bayan an riga an ɓarnata na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya yi alkawarin inji zai yi aiki ba tsayawa, dole ya tanadi amsar irin wannan makon.

Ga abin da nake ba ku shawara.

Na farko, ku fara da haya kafin saye. Ku kama GPU ta intanet, ku biya gwargwadon sa'o'in da kuka yi amfani, ku ga ko masu buƙata sun kai yawan da kuke zato. Idan sun kai, ku sayi ƙaramin inji mai GPU ɗaya ko biyu, wanda bai wuce kilowat biyu ba. Yawancin aikin ɗalibai bai fi ƙarfinsa ba.

Na biyu, ku je ofishin JED, kamfanin rarraba lantarki na Jos, ku tabbatar da rukunin layinku, sannan ku kira injiniya mai lasisi ya auna ko taransifomar layin da wayoyin ginin za su ɗauki nauyin. Kada ku jefa maƙwabta cikin duhu saboda sana'arku.

Na uku, ku jera wuta hawa uku: ta gwamnati, batir da inbata da za su karɓa nan take, sai janareto da aka zaɓa da la'akari da tsayin garin. Sola tana taimakawa, amma ku san girmanta: inji mai kilowat 10 yana buƙatar faifai kusan 100 masu wat 550, ban da batirin kwana. Ku binne ƙarfen kariyar tsawa yadda ya kamata, ku sa na'urar tare hauhawar wuta.

Na huɗu, ku tsara ɗakin. Iska mai sanyi ta shiga ta gaban inji, mai zafi ta fita ta baya zuwa waje, kada su gauraya. Duk iskar waje ta bi ta matata, a riƙa duba ta kowane mako da hunturu. Esi mai doki ɗaya da rabi yana kwashe zafin kusan kilowat uku da rabi ne kawai, sai ku ƙidaya nawa kuke buƙata ku ƙara ɗaya na ko-ta-kwana. Ku sa ma'aunin zafi mai turo saƙo a waya.

Na biyar, idan kun girma har kuka kai ga sanyaya inji da ruwa, ku zaɓi tsarin da ruwan ke zagayawa a rufe. Wanda ke ƙafar da ruwa zai sa ku rububin ruwa da jama'ar unguwa da rani.

Filato ta taɓa jan masana'anta da lantarkinta: a 1929 aka kafa kamfanin NESCO domin ya samar da wuta daga ruwan Kurra ga ma'adinan kuza. Idan burinku ya kai na babbar cibiya, ku nemi fili kusa da tabbatacciyar wuta da layin intanet mai ƙarfi, shagon Tudun Wada ya zama ofis da ajin koyarwa. A kasafinku kuwa, ku ware kuɗin wuta da sanyi na shekara guda tukuna. Abin da ya rage shi ne zai gaya muku girman injin da za ku saya.