Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ruwan Jaka da Ciwon Diddige?

Tambaya: Ni makanike ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Kullum da ƙafa nake zuwa aiki daga Ja'en, jakar sifanu da kwanon abinci rataye a kafaɗata ta dama. Kwanan nan in na tashi da asuba, sai in ji kamar an kafa mini ƙusa a diddige. Abokin aikina ya ce jakar ce. Wai haka ne? Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Malam, abokin aikinka yana da gaskiya, sai dai ba jakar kaɗai ce da laifi ba.

Duk abin da mutum ya ɗauka, a tafin ƙafarsa yake sauka. Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26, a ƙarƙashinsu kuma akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga diddige zuwa gindin yatsu, ita ke riƙe lanƙwasar tafin. In aka matsa mata, inda ta manne da ƙashin diddige ne ke fara ciwo. Alamar kuwa ita ce wadda ka faɗa: zafi a takun farko na safe, ya lafa in an ɗan zagaya, ya dawo bayan doguwar tsayuwa.

Ga inda jaka ta shigo. Da ka rataya ta a dama, kafaɗar kan ɗaga don kada maratayin ya zame, gangar jiki kuma ta karkata hagu don ta daidaita nauyin. Hannun daman ya daina lilo, domin yana tare jakar. Taku ya gajarce, ƙugu ya karkace, ƙafafun biyu su daina raba aiki daidai. A taku ɗaya ba komai ba ne, amma daga Ja'en zuwa Sharaɗa safe da yamma, ga tsayuwar wuni a kan daɓen siminti, abin taruwa yake. Kifa takalminka ka duba. In takalmin ƙafa ɗaya ya fi na ɗayar cinyewa, wataƙila tafiyarka ta karkace.

Iyayenmu da suka naɗa gammo sun san abin da suke yi. A 1986 mujallar Nature ta buga wani bincike kan matan Luo da Kikuyu na Kenya, inda aka ga suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu da ka ba tare da sun ƙara kashe ƙarfi ba. Kayan da ya zauna daidai tsakiyar jiki ba ya karkata mai shi. Amma wuya yana biyan kuɗin in kaya ya yi yawa. Wannan ya shafi 'yan dakon da ke lodi a Bompai da Challawa: buhu ɗaya kilo 50 ne, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa tun 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55. Mai ɗora buhu biyu don ana biya da ƙirgen buhu, gwiwarsa yake sayarwa. Baro ya fi.

Kai kuma, nemi jakar goyo mai maratayi biyu, ka ɗaure ta ta manne da bayanka, kaya masu nauyi su kasance kusa da jiki. Sifanun da za ka iya bari a wurin aiki, bar su can. In dole sai mai maratayi ɗaya, sarƙafa ta ta ƙirji, kana sauya kafaɗa. Silifas kuma a bar shi don alwala. Sayi takalmi mai rufi da kaurin ƙasa. Kafin ka sauko daga gado, ja yatsun ƙafar zuwa sama da hannu na ɗan lokaci.

In aka yi makonni ciwon bai ragu ba, ko ƙafar ta kumbura, ko ta riƙa mutuwa, musamman in kana da ciwon suga, kada ka tsaya shafa man zafi. Je Asibitin Ƙashi na Dala a duba ka. Allah Ya ƙara sauƙi.