Daga Sha'awa Zuwa Sana'a: Shawarwari Kan Haraji da Doka ga Mai Haɗa Kayan Ɗaki a Birnin Zariya

Yawanci da benci ɗaya ake farawa. Mutum ya haɗa wa zaurensu, wani ya zauna a kai ranar ɗaurin aure ya ce a yi masa irinsa, kafin shekara ta zagayo ga iyayen amare daga Kwarbai da Anguwar Juma suna aiko kuɗin gado da madubi. Daga ranar da ka fara karɓar kuɗi abin ya zama sana'a, kuma doka ba ruwanta da ko shago gare ka ko a gindin dalbejiyar ƙofar gida kake aiki. Kwantar da hankalinka: harajin da zai hau kan yawancinmu kaɗan ne, wasu ma ko kwabo ba zai hau kansu ba. Abin da na ga yana kayar da masu zarto da guduma a cikin ganuwar nan shi ne rashin rubutu, kuma maganinsa ba shi da tsada.

1. Sayi littafin lissafi mai kaurin bango kafin ka ƙara sayen ƙusa.
Shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, kowanne da kwanan wata da sunan mutum, har ladan ɗan dako da na mai Keke Napep da ya kai kujeru Tudun Wada. Idan hannunka kullum cikin gam da fenti yake, bar wa uwargida ko ɗanka na sakandare riƙon littafin, ka riƙa faɗa musu bayan sallar isha'i tun ba ka manta ba. In ya cika kada a ba mai ƙosai takardunsa, domin doka na son a adana bayanan ciniki har shekara 6.

2. Kada ka baro 'Yan Katako ba rasit a aljihunka.
Katako, filawud, soso, yadi, fenti, man janareta, duk ana cire kuɗinsu kafin a ce ga ribarka, amma fa sai da shaida. Idan mai sayarwa a Sabon Gari ba shi da rasit, ya rubuta a takarda ya sa hannu, ko ka tura masa ta banki. Ɗauki hoton kowane rasit a ranar, saboda rubutun takardar POS yakan goge cikin 'yan watanni.

3. Riba ake yi wa haraji, don haka ka san ribarka.
A sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, naira miliyan 2.2 da ke biye kuma ana karɓar kashi 15 cikin 100. A ce ka yi cinikin miliyan 2.4, kayan aiki da ladan yara suka ci miliyan 1.5, kuma ba ka da wata hanyar samu: ribarka 900,000 ce, 100,000 kaɗai za a taɓa, harajinka na shekara 15,000 ke nan. Wanda ba shi da littafi kuwa, da me zai nuna cewa miliyan 1.5 ɗin nan ba aljihunsa suka shiga ba?

4. Mai albashi, naka lissafin daban ne.
Zariya garin ma'aikata ne, daga Samaru zuwa Kongo zuwa Shika, kuma da yawa sai an tashi aiki suke ɗaukar zarto. Ribar sana'a a kan albashi ake ɗora ta, to galibi albashin ya riga ya cinye rangwamen 800,000, kuma abin da ake cire maka duk wata bai shafi kuɗin kujeru ba. Ga wanda ya fi wannan nauyi: Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati tafiyar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa in ban da noma, saboda haka ka ga lauya tun abin bai girma ba, ko ka sakar wa ɗan'uwa ragamar da gaske.

5. Kuɗin hannu ma samu ne. Buɗe musu asusu.
Dattawa za su ce maka tsohon gwamna Balarabe Musa ya soke haraji tun 1979, kuma gaskiyarsu ne, sai dai harajin kai da jangali ya soke; na abin da mutum ya samu yana nan, ko ta banki aka biya ka ko a zaure aka ƙirga maka. Ware wa sana'ar asusunta, kuɗin hannun ma ka riƙa zuba su ciki. Ta haka gudummawar biki da ƙanwarka ta aiko daga Kaduna, ko bashin da aka maido maka, ba za su cakuɗe da ciniki har a ɗauka riba ce ba.

6. Rubuta 31 ga Maris a bangon wurin aikinka.
Harajin mai sana'ar kansa na jihar da yake zaune ne, wato Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kaduna, KADIRS. Hukumar tarayya da ta koma NRS daga FIRS kamfanoni ta fi bi. Lambarka ta NIN ita ce ke tsaya maka a matsayin lambar haraji, sai ka je ofishinsu na Zariya da ita da littafinka kafin wannan rana, ka bayyana abin da ka samu bara, ko da lissafi ya nuna ba abin biya. Tarar ƙin bayyanawa a sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, da 50,000 a kowane wata da ya biyo baya, ka ga ta ninninka harajin misalinmu.

7. Kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi da sunan gwamnati.
Tun 2016 dokar haraji ta Jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga a hannu. Ta banki ake biya ko ta manhajar PayKaduna. In wani ya yi sallama da ƙunshin tikiti, tarbe shi da mutunci, ka nemi katin shaidarsa da takardar neman biya mai ɗauke da sunanka da nau'in kuɗin da adadinsa.

8. Idan an yanka maka haraji da ƙiyasi, kwana 30 gare ka.
Doka ta ba jami'i damar ya ƙiyasta samun wanda bai kawo lissafi ba, kuma ƙiyasi ba kasafai yake sauƙi ba. Rubuta ƙorafinka cikin kwana 30 daga ranar da takardar ta iso hannunka, ka haɗa kwafin littafi da rasitai, a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. In ba a daidaita ba, kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma a Kaduna take zama.

9. Duba sunan da za ka rubuta a allo.
Dokar kamfanoni ta 2020 ba ta tilasta rajista ga mai ciniki da cikakken sunansa na gaskiya tsura ba, amma da zarar ka raɗa wa sana'ar wani suna, ko ka yi wa naka ƙari, sai ka yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, cikin kwana 28. Rajistar sunan kasuwanci ta wadatar da mai aiki a zaure, kuma ita banki zai nema kafin ya buɗe asusu da sunan sana'ar. Ka dai tuna tana da rahoton shekara da ake shigarwa kafin ƙarshen Yuni, nan mutane da yawa ke tara wa kansu tara.

10. Kada ka ɗora wa amarya VAT, amma ka lura da kwangila.
Tun 2020 aka ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar wannan haraji na kashi 7.5 cikin 100, sabuwar doka ma ƙara ɗaga iyakar ta yi. Inda za ka buɗe ido shi ne aikin bencin makaranta ko teburan ofis: za a nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3, kuma in aka cire wani abu daga kuɗinka da sunan haraji, ka dage sai an ba ka takardar shaidar cirewar, domin da ita za a rage maka naka na shekara.

11. Kafin alƙalami ba naka ba ne tukuna, rubuta shi.
A takarda ɗaya a sa girman gado, irin katako, launin fenti, kaurin soso, jimillar kuɗi, abin da aka bayar, wanda zai biya mota, da abin da za a yi in katako ya tashi kafin a gama. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta koyar. Sa ranar miƙa kaya mako guda kafin ranar jere, saboda wuta takan ɗauke, fenti kuma ba ya bushewa da wuri da damina. Abin da nake roƙonka a nan guda ne: kada ka yi cefane da kuɗin wannan amarya, kada ka ƙarasa aikin waccan da su, don ta nan rigimar kuɗi ke rikiɗewa ta koma ƙarar cin amana a ofishin 'yan sanda, tsakanin gidajen da kakanninsu suka yi sahu ɗaya a masallaci.

12. Kujerar da aka kawo gyara tana wuyanka.
A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan malaman birni kuma kotunan Shari'a ke bi, mai sana'a ne ke biyan kayan mutane da suka salwanta a hannunsa, sai in akwai shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Ɗauki hoton kaya a gaban mai su ranar da aka kawo, ka ɗora su a kan bulo nesa da gara da yoyon damina, ka kuma yanka ranar da za a zo ɗauka.

13. Kira katako da sunansa.
In malaina ce ka ce malaina ce, kada fenti ya mayar da ita maɗaci. Dokar kare masu saye ta 2018 ta hana yaudara wajen siffanta kaya, addini ma ya riga ta. Ɗanyen katako kuwa hunturun farko zai tsage shi, kai za a dawo wa da gado. Wanda ya kawo maka gungumen maɗaci ko ɗorawa da araha cikin dare, tambaye shi takardar ma'aikatan gandun daji kafin ka sauke.

14. Nemi yardar gida da ta maƙwabta tun injin bai iso ba.
Gidajen birni yawancinsu na gado ne, to zauren da kake ganin naka ne akwai baffa da gwaggo masu haƙƙi a ciki. A zauna a yarda, a rubuta cewa injin da kayan aiki naka ne kai kaɗai, don kada ranar rabon gado a lissafa da su. Lungunanmu matsattsu ne, katanga a jikin katanga: kashe inji lokacin salla da bayan magariba, kada ka yi feshin fenti inda iska ke kaɗa shi cikin gidan mutane, ka share garin katako kullum saboda gobara. Rumfar da za ta ci hanya kuwa, sanar da mai unguwa ka nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, tukuna, wutar aiki kuma a bi ta mita.

15. Yaron da aka kawo koyon aiki, a yi masa takarda.
Dokar ƙwadago na son yarjejeniyar koyon sana'a ta zama a rubuce: shekara nawa, wa ke ciyarwa, wa zai biya magani in zarto ya yanke shi, me za a ba shi ranar yaye. Uba ko waliyyi ya sa hannu, lokacin makaranta ya zama na makaranta, ƙaramin yaro kuma kada ya kusanci injin yanka.

16. Haraji ba ya sauke zakka.
Zaɓi wata guda a shekara, ko Muharram ko Ramadan, ka haɗa kuɗin asusun sana'a, da ƙimar kujeru da gadajen da ka haɗa don sayarwa, da bashin da kake sa ran za a biya ka. In sun kai nisabi, wato ƙimar zinare giram 85, shekara kuma ta zagayo, sai ka fitar da kashi 2.5 cikin 100. Zarto da guduma da injin da kake aiki da su ba sa cikin lissafi. Ɗauki littafinka ka kai wa malamin unguwarku ku duba tare, musamman wajen kafin alƙalamin aikin da ba ka miƙa ba tukuna.