Opozisiyon: in an yi maka shari'a ba ka nan

Mun saba jin kalmar "opozisiyon" a rediyo, inda take nufin ƴan adawa. A gidan shari'a ma'anarta daban ce. Can, opozisiyon ita ce mutum ya ce: "An yanke mini hukunci ba ni nan, ban yarda ba, a sake zama a ji ta bakina."

Ga misali. Wani manomi ya tafi cin rani bayan girbi. Yana can, maƙwabcinshi ya kai ƙara cewa ya sace mishi rago. Takardar sammaci ba ta shiga hannun manomin ba. Ranar shari'a alƙali ya kira sunanshi, shiru. Sai anka yanke hukunci: tara da biyan kuɗin rago. Da ya dawo da damina, sai ga takardar hukunci. Mi zai yi?

Kada ya gudu, kada kuma ya ajiye takardar cikin akwati. Ya tafi kotun da ta yi shari'ar, ya ga magatakarda, ya ce ya zo yin opozisiyon. A rubuta, ya riƙe ranar da anka ba shi. In shari'ar laifi ce, hukuncin farko ya faɗi ke nan. Kotun nan za ta sake zama, shi kuma ya kawo shaidunshi.

Akwai abu uku da za mu kiyaye.

Na ɗaya, kwanaki ƙidayayyu ne. A shari'ar laifi, wanda ke zaune cikin Nijar kwana 10 gare shi, daga ranar da anka miƙa mishi takardar hukunci.

Na biyu, wanda sammaci ya shiga hannunshi, ya ƙi zuwa ba da wani uzuri ba, wannan ƙofa ba tashi ba ce.

Na uku, ba a yin opozisiyon sau biyu. In ka yi ta, kuma ranar zama ba ka zo ba, hukuncin farko ya zauna.

Kada mu haɗa ta da "apel", wato ɗaukaka ƙara. Apel tana kai magana gaban kotun da ke sama, kamar kotun apel ta Yamai, ta Damagaram ko ta Tawa. Opozisiyon kuwa tana maida ita wurin da anka fara.

Wanda ba ya da kuɗin lauya, ya biɗi ofishin ANAJJ, hukumar da anka kafa a 2011 don taimakon talaka a fannin shari'a.

Tambayoyi
1. Mi ake nufi da opozisiyon a gidan shari'a?
2. Kwana nawa ke gare ka a shari'ar laifi?
3. Mi ya bambanta opozisiyon da apel?