Darasin Juma'a: Mai Aika Kuɗi da Mai Jinya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

'Yan uwa, galibinmu a nan Kudu mun baro tsoho ko tsohuwa a gida. Muna Mile 12 ko Agege ko Bodija muna neman halali, ƙarshen wata mu tura kuɗi, mu buga waya: "Inna, ya jiki?" Ta ce da sauƙi, shi ke nan hankali ya kwanta. To ai Inna ba za ta ce babu sauƙi ba, ba ta son ta tayar maka da hankali. Gaskiyar jikin tana wurin wadda ta kwana a ɗakin, ta tashi sau uku da dare ta miƙa fo, gari ya waye ta wanke zanin gado. Sau da yawa ƙanwarka ce, ko matar ƙanenka.

Ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗan da yake da hali, don haka kuɗin da kake turawa ba alfarma ba ne. Amma aya ta 23 a Suratul Isra'i, da ta zo kan iyayen da tsufa ya riska a wurin ɗansu, ba kuɗi ta fara ambata ba. Ƙosawa ta fara hanawa, ko da da ƙaramar kalma ce, sannan tsawa. Wannan jarrabawar mai jinya ce take sha kullum, kai kana nesa. Kuma mu sani, malamai sun ce hidimar surukai ba wajibi ba ce a kan matar ɗa, kyautatawa ce take yi. Wadda take ɗauke maka nauyin da yake kanka, ba a kiranta a waya da faɗa don an ji Baba ya yi ƙorafi. A gode mata, a ware mata nata kuɗin daban da na magani, a nemo wanda zai riƙa karɓarta ta huta.

Ƙorafin ma a bi shi a hankali. Akwai rikicewar tsufa: tsoho ya ci abinci ya rantse ba a ba shi ba, ya ɓoye kuɗi ƙarƙashin katifa ya ce an sace, ya riƙa kiran wanda ya rasu shekara ashirin. Abin ya fi tsananta da yamma. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba ce, ba kuma mugunta ba. Gidaje nawa suka watse saboda ɗa yana Legas ya gaskata zargin sata ta waya! Gardama da shi ba ta da amfani, a lallashe shi a sauya zance. In kuwa rikicewar ta zo farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar, don ciwon mafitsara ko faɗuwar sukari ko ƙarancin ruwa a jiki duk suna kawo haka. Addu'a da asibiti ba sa karo.

Mai hawan jini ba ya barin magani don ya ji sauƙi. Barinsa na iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka kuɗin magani ya riga ƙarewar magani isa gida. Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi kamar kowace awa 2, a duba ƙugu da duga-dugai, a nan gyambon kwanciya yake farawa.

Ta fuskar ibada addini ya sauƙaƙa. Annabi (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini, da ba shi da lafiya, ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. In ruwa zai cutar, akwai taimama. Tsohon da azumi ya gagara ya sha, an so a ciyar masa da mudun Annabi ɗaya kowace rana. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa an ɗauke masa alƙalami, kada a takura masa.

Wasu kan ce bari in ɗauko shi nan kusa da ni. Wani lokaci daidai ne, musamman don ganin likita. Amma a auna: ɗakin haya, bene, ba abokan hira, ba masallacin da ya saba. Mai rikicewa sauyin wuri yakan ƙara dagula shi. Sau da yawa ya fi kai ka je. Uwaisul Ƙarni yana Yaman a zamanin Annabi (SAW) bai samu ganinsa ba, kuma da hidimar mahaifiyarsa aka san shi, har Sayyidina Umar ya nemi ya roƙa masa gafara. Kai ba a ce ka rufe shago ba. Ku zauna da 'yan uwanka ku raba watanni, wanda nasa ya zo ya bar wa yaro kaya ya hau mota, ya yi ko da mako biyu, ya kuma kwana a ɗakin tsohon, ba a ɗakin baƙi ba.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.